Tunjere da Ciwon Sanyi, Daga Zamanin Zaiba Zuwa Zamanin Ƙwayar Riga-kafin Ƙanjamau

Maganar da na kawo a wannan fitowa ba a cika yin ta a zaure ba, sai dai a bayan rumfa, murya ƙasa-ƙasa. Saboda haka ina roƙon dattawanmu da iyayenmu mata su yi mini afuwa idan sun ci karo da kalmar da ta yi musu nauyi. Malamanmu na Islamiyya, da aka zo babin tsarki da wanka, ba su tsallake shi don kunya ba, to haka nan ni ma ba zan tsallake wannan ba.

Tun daga shekara ta 2012 akwai wata ƙwaya da mutumin da ba shi da ƙanjamau zai riƙa sha don kada ya kamu. Likitoci na kiran wannan tsari PrEP. Ƙwayar tana aiki, wannan babu gardama. Amma da aka fara bin lafiyar masu shan ta, sai aka tarar da tsofaffin cututtukan saduwa, waɗanda suka riga ƙanjamau zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru, sun yi katutu a tsakaninsu. Wasu suka ce ƙwayar ce ta jawo, wasu suka ce a'a. Kafin mu raba wannan gardama sai mun koma baya tukuna, domin wanda bai san asalin bashi ba, ba zai iya lissafin abin da ya saura ba.

A farkon shekara ta 1495 Sarkin Faransa Sharl na 8 ya shiga birnin Nafuli na ƙasar Italiya da rundunar sojojin haya daga ƙasashe daban-daban. Ba a daɗe ba wata muguwar cuta ta ɓulla a cikinsu, mai farawa da ƙurji a gaba, sa'annan ta feso a jiki duka, ta ci ƙashi, ta zubar da hanci. Da aka sallami sojojin kowa ya koma garinsu da ita. Ita ce muke kira tunjere, idan ta tsufa a jiki kuma tsofaffinmu su ce kabba. Abin dariya, abin kuma takaici, shi ne yadda aka raɗa mata suna. Mutanen Italiya suka ce cutar Faransawa ce, Faransawa suka ce cutar Nafuli ce, Rashawa suka ce ta mutanen Folan ce, Turkawa kuma suka ce ta Faranji ce. Kowa ya ɗora wa baƙo. Mu da muke zaune a garin wasu, ba sai an fassara mana wannan hali ba.

Wajen shekara 400 babban magani shi ne zaiba. A shafa ta, a sha ta, ko a turara mutum da hayaƙinta, har yawu ya riƙa dalala, haƙora su zube. Sau da yawa maganin kan riga cutar kai mutum ƙasa. Sai a 1879 wani likitan Jamus, Albert Neisser, ya gano ƙwayar da ke kawo ciwon sanyi, a 1905 kuma wasu Jamusawa biyu, Schaudinn da Hoffmann, suka gano ta tunjere. A 1910 Paul Ehrlich da abokin aikinsa ɗan Japan, Sahachiro Hata, suka fito da allurar da aka sani da lamba 606, wadda aka haɗa da gubar asinik. Ta fi zaiba nesa ba kusa ba, amma sai an yi wata da watanni ana karɓa.

Ciwon sanyi kuwa ya fara samun magani na ƙwarai ne a ƙarshen shekarun 1930, musamman wata ƙwaya ta kamfanin May & Baker da ta fito a 1938, wadda dattawa har yau suke tunawa da sunan M&B. Da farko kamar yankan wuƙa. Amma kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu cutar ta gane ta, sojoji da yawa suna sha ba sa warkewa. Ana cikin haka fenisilin ya zo. A 1943 Dokta John Mahoney a birnin Niyok ya warkar da mutum huɗu masu tunjere da shi, kuma ya kashe ciwon sanyi ma. A Amurka, sababbin kamun tunjere da ake lissafawa a shekara sun faɗo daga sama da 90,000 a 1947 zuwa ƙasa da 7,000 a 1956. Hukumomi suka ce an gama, suka rage kuɗin da ake kashewa wajen bin sawun cutar. Shekaru kaɗan bayan haka ta sake ɗagowa.

Shekara ta 1976 ita ce ya kamata mu riƙe, domin ta taɓa mu kai tsaye. A wannan shekara likitoci a Ingila da Amurka suka ci karo da wani irin ciwon sanyi wanda ba jure wa fenisilin kaɗai yake yi ba, har wani sinadari yake fitarwa da ke farfasa maganin. Da aka bi sawu sai aka samu iri biyu ne, ɗaya daga wajen Filifin a gabashin Asiya, ɗayan kuma daga nan Afirka ta Yamma. Duk wanda ya yi zaman tasha ko kasuwa a ƙasar nan ya san yadda ake shan magani. Mutum ya ji zafin fitsari, ya aiki yaro kemis a sayo masa kafso ja-da-rawaya guda biyu, ko ja-da-baƙi, ya kora da ruwa, zafi ya lafa, shi ke nan ya ce ya warke. Wani ma kafin ya fita yawon dare yake haɗiya, wai don kariya. Ga kuma mai lasifika a bakin tasha da garin magani a leda, wai yana kashe sanyi kowane iri. Abin da rabin magani ke yi shi ne ya kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar ƙarfafa, su kuma su hayayyafa su wuce ga wani. Da haka ciwon sanyi ya ci fenisilin, ya ci tetarasaikilin, ya ci sifro har Amurka ta daina ba da shi don wannan cuta a 2007. Yau abin dogaro shi ne allurar seftiriyazon, ita ma an fara samun inda take gazawa a wasu ƙasashen Asiya. Tunjere kam, cikin ikon Allah, har yanzu fenisilin yana kashe ta.

Akwai ta uku da ba mu da suna nata a Hausa, likitoci na ce mata klamidiya. Mutanenmu duk sanyi suke kiran ta. Ita ta fi sauran biyun yawa, ta kuma fi su iya ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 an yi sababbin kamu miliyan 129 na klamidiya, miliyan 82 na ciwon sanyi, da kimanin miliyan 7 na tunjere.

To sai ga ƙanjamau. An fara ba da labarinsa a Amurka a watan Yuni na 1981, a Nijeriya kuma a 1986. Mu da muka yi samartaka a wancan lokaci mun tuna yadda aka yi ta musu, wasu na cewa ƙirƙirar Turawa ce don a hana haihuwa, har zuwa watan Agusta na 1997 da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito fili ya ce ita ta kashe ƙaninsa Fela. Tsoro ya yi aikin da wa'azi da talla suka daɗe suna nema. Mutane suka kame, masu fita suka koma ga kwaroron roba, kuma da yake kwaroro ba ya tambayar sunan cuta, sai ya tare ƙanjamau ya tare sauran. A shekara ta 2000 sababbin kamun tunjere a Amurka duka ba su kai 6,000 ba, mafi ƙanƙanta tun da suka fara lissafi. Har suka sake cewa sun kusa kawar da ita.

Mai karatu ya lura da wannan wuri. A 1996 aka samu haɗin magungunan da ke danne ƙanjamau, mai cutar ya rayu ya yi sana'arsa. Tsoro ya fara raguwa, kwaroro ya fara komawa aljihu. Daga 2001 tunjere ta fara hawa a Amurka da Turai, kuma ba ta tsaya ba, har a 2022 Amurka ta lissafa sama da 200,000 idan aka haɗa dukkan matakanta, abin da ba su gani ba tun wajen 1950. Watau hawan ya fara ne shekara 11 kafin a amince da ƙwayar riga-kafi. Duk wanda ya ce ita ta haifi matsalar, lissafin shekaru ya ƙaryata shi.

Ita ƙwayar, mutane da yawa ba su san cewa an fara gwada ta a ƙasar nan ba. A 2004 aka soma wani gwaji da maganin tenofobir a kan mata 936 a garuruwa uku, Tema ta Gana, Duwala ta Kamaru da Badun. Na Duwala gwamnati ta dakatar da shi a farkon 2005 bayan ƙorafin masu fafutuka, na Badun kuma aka rufe shi a shekarar saboda ba a bin ƙa'idojin aikin yadda aka tsara, don haka ba a samu amsa yankakkiya ba. Amsa ta zo a 2010, daga gwajin da aka yi a ƙasashe shida da mutum kusan 2,500, yawancinsu maza masu neman maza, inda kamuwa ta ragu da kashi 44 cikin 100, ta kuma ragu fiye da haka nesa ga waɗanda suka sha ba fashi. A 2011 aka samu wadda ta fi kusa da mu, a Kenya da Yuganda, kan ma'aurata sama da 4,700 waɗanda ɗaya yana da cutar ɗaya ba shi da ita. Kamuwa ta ragu da kashi 75 cikin 100. A watan Yuli na 2012 Amurka ta amince da ƙwayar mai suna Truvada, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda ke cikin haɗari.

Ina so a fahimce ni. Zina haramun ce, ƙwaya ba ta halatta ta. Amma matar da ta tarar mijinta yana da cutar, ko mijin da ya auri bazawara mai ita da saninsa, su ma masu shan wannan ƙwaya ne, kuma rahama ce gare su. Sai dai a san iyakarta. Ƙanjamau ƙwayar bairos ce, maganin yana zama a jini da naman jiki ya hana ta kafuwa. Tunjere da ciwon sanyi da klamidiya kuwa bakteriya ne, wata halitta ce dabam, maganin bai ma san da zamansu ba. Kwaɗon ƙofar shago ba ya hana ɓera shigowa ta rufi.

Yanzu ga alƙaluma. A 2015 wani babban asibiti a San Faransisko ya ba da labarin mutum 657 da suka fara shan ƙwayar. Ko ɗaya bai kamu da ƙanjamau ba. Amma cikin wata shida kashi 30 cikin 100 an same su da wata cutar saduwa, cikin shekara guda kuma rabinsu. A 2019 aka tattara bincike 88 daga ƙasashe 26 aka haɗa lissafinsu. Aka samu cewa ranar da mutane suka zo karɓar ƙwayar, tun ba su haɗiyi ko ɗaya ba, kusan kashi 24 cikin 100 suna ɗauke da ɗaya daga cikin ukun nan, watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Bayan sun fara sha kuma, idan aka bi mutum 100 har shekara guda, ana samun kamu sau 72. Wannan 72 ba kawunan mutane ba ne, yawan kamu ne, domin wani zai kamu a warkar da shi ya sake kamuwa, sau biyu ko uku a shekara.

Binciken da ya fi buɗe mini ido shi ne na jihar Biktoriya a Ostareliya, shi ma an buga shi a 2019. Mutum 2,981 aka bi, aka samu kamu 2,928. Wanda ya ji haka zai ce kowa ya kamu ke nan. Ina! Sama da rabinsu ba a same su da komai ba. Kashi 25 cikin 100 na mutanen su ne suka kwashi kashi 76 na dukkan kamun. Duk ɗan kasuwa ya san wannan, littafin bashi kan cika, amma in ka duba da kyau sunaye biyar ko shida ne ke ta maimaituwa. Sa'annan masu binciken suka kwatanta kafin shan ƙwaya da bayan sha. A ido, kamu ya ƙaru sosai. Amma da suka cire tasirin yawan gwaji, ƙaruwar da ta saura ga sababbin masu sha ba ta wuce kashi 12 cikin 100 ba. Dalili shi ne, mai shan ƙwayar dole ya koma asibiti kowane wata uku, a can kuma ana gwada jininsa da fitsarinsa, har maƙogwaro da dubura. Wanda ke ƙirga kayan shagonsa sau huɗu a shekara zai riƙa ganin giɓin da mai ƙirgawa sau ɗaya ba ya gani, ba don an fi yi masa sata ba.

A ganina gaskiya tana da kashi uku, kuma ba daidai suke ba. Mafi girma shi ne, waɗanda suka zo neman ƙwayar tun asali su ne ke cikin haɗari, da cutar suka zo. Na biyu, gwaji ya tono abin da ke ɓoye. Na uku, wanda ya fi ƙanƙanta amma bai kamata a musanta shi ba, wasu da suka ji sun tsira daga babbar sai suka ajiye kwaroro.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne da irin rayuwarsu. A wani bincike kan 'yan mata 451 masu shekara 16 zuwa 25 da aka ba ƙwayar a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, an samu kusan kashi 29 cikin 100 da klamidiya tun ranar farko, kashi 8 kuma da ciwon sanyi, yawancinsu ba tare da wata alama ba. Nan ne matsalarmu take. A yawancin asibitocinmu ba a yin irin wancan gwaji saboda tsadarsa, sai dai a tambayi mutum abin da yake ji a ba shi magani a kan haka. Namiji sau da yawa zafin fitsari da mugunya kan kore shi zuwa neman magani. Mace kuwa tana iya yin watanni ba ta ji komai ba, cutar na hawa a hankali har ta toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Bayan shekara uku babu ciki, sai dangin miji su fara maganar juya, ko a ce kishiya ce ta yi mata asiri, ko a ce sanyi ta ɗauko a bayan gida na haya. Waɗannan cututtuka uku ba a ɗaukar su a masai. Mu kuma da yawanmu matafiya ne, mai goro, mai shanu, mai tirela, wani iyalinsa na nan, wani suna gida Arewa sai da salla. Abin da mutum ya kwaso a hanya, gida biyu ko uku zai raba wa. Ga kuma wani abu, miki da kumburin da suke haddasawa ƙofa ce ga ƙanjamau. Tun a 1995 aka nuna a Muwanza ta Tanzaniya cewa kula da waɗannan cututtuka yadda ya kamata ya rage kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 40 cikin 100.

Da likitoci suka ga haka sai suka ce bari a gwada wata dabara, a ba mutum doksisaikilin miligiram 200 ya sha cikin awa 72 bayan saduwa. A San Faransisko da Siyatil an gwada a kan mutum 501, kamu ya ragu da kashi biyu cikin uku, kuma a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince da shi ga wasu rukunin maza, ba ga kowa ba. Amma a Kisumu ta Kenya, da aka gwada a kan mata 449 masu shan ƙwayar riga-kafi, ba a ga wani bambancin kirki ba. Da aka auna gashin kan wasu daga cikinsu sai aka ga kaɗan ne suka sha maganin da gaske, sa'annan ciwon sanyin da ke yawo a wurin ya riga ya gagari dangin tetarasaikilin gaba ɗaya, watau dangin ja-da-rawayan nan namu. Na kawo wannan ne musamman don na san halinmu, kada wani ya ji rabin labari ya nufi kemis gobe da safe. Hanyar da ta kai mu 1976 ke nan.

A watan Yuni na 2025 Amurka ta amince da wata allura mai suna lenakafabir wadda ake yi sau biyu kacal a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata sama da 2,100 da suka karɓe ta babu ko ɗaya da ta kamu da ƙanjamau a lokacin da aka fitar da sakamako a 2024. Abin murna ne ƙwarai. Sai dai ita ma ba ruwanta da bakteriya.

Gwajin tunjere dai na jini ne, ba shi da tsada, ana yin sa a asibitocin gwamnati da ɗakunan gwaji na unguwa, kuma yanzu akwai ɗan katin da ke duba ta tare da ƙanjamau da ɗigon jini ɗaya. Ya kamata kowace mai ciki ta nemi a yi mata tun zuwan awo na farko, domin tunjere kan sa ɓari, ko a haifi ɗa babu rai, alhali allurar fenisilin ɗaya tana maganin sabon kamu, uku kuma, mako-mako, idan ya daɗe. Ciwon sanyi da klamidiya su kuma kan kama idon jariri wajen haihuwa. In an samu ɗaya a gida, to miji da matansa duka za a yi wa magani a lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagaya ɗakuna tana dawowa. A watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, wadda ta lissafa gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Mu nan dokar ba ta hau kanmu ba, amma babu abin da zai hana Sarkin Hausawa da limamanmu su zauna da shugabannin ƙungiya a kan a riƙa neman wannan takarda kafin a ɗaura aure a unguwar nan.